Ƙiba ta sauka, saura riƙo: jagorar cin abincin gida ga mazauna Jos

Rage ƙiba yana da ranar farawa, yana kuma da ranar da sikeli zai nuna lambar da ake nema. Riƙe wannan nauyin kuwa ba shi da ranar gamawa, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika yi wa mutane bayaninsa ba. Za ka ga mutum ya yi wata huɗu yana fama, ya ƙaurace wa tuwo da shinkafa, ya koma kokwamba da dafaffen ƙwai, har kilo 10 ya zube. Kafin shekara ta zagayo, kayan da ya kai wa tela aka rage sun fara matse shi. Sai 'yan gida su ce dama ba zai iya ba, ko a ce wance ba ta iya kame bakinta. Babu adalci a wannan hukuncin, domin akwai abin da ke faruwa a cikin jiki wanda ido ba ya gani.

Jikin da ya ragu ba ya ƙona kuzari kamar da. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta a 2016 cewa duk kilo ɗaya da ya sauka yana rage abin da jiki ke ƙonawa da kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 20 zuwa 30 a rana, yana kuma ƙara wa mutum sha'awar ci da wajen kalori 100. Ke nan wanda ya zubar da kilo 10, buƙatarsa ta ragu da kalori 200 zuwa 300 kullum, ga yunwa ta ƙaru. Wani binciken da aka yi a Melbon ta Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya bibiyi mutanen da suka rage nauyi, ya tarar bayan shekara guda sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama a jininsu, masu sanar da ƙoshi kuma suna ƙasa. Yunwar da kake ji gaskiya ce, ba raki ba ne, kuma da ita za a tsara cin abinci.

Ni dai abin da na yarda da shi shi ne, abincin riƙo dole ya fito daga tukunyar da ake ɗora wa kowa a gida. Duk tsarin da zai sa uwargida ta riƙa sanwa biyu kullum, a wannan tsadar gas da gawayi, ba zai yi nisa ba. Tuwon nan, miyar nan, dankalin nan, su za a ci gaba da ci. Awo da yadda ake sarrafawa ne za su canza.

Mataki na farko: san inda ka tsaya

Rubuta nauyin da kake son zama a kai, ka ƙara masa kilo 2, wannan ce iyakarka. Ka hau sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, rana ɗaya tsayayya, da safe bayan ka zagaya, kafin ka sa wani abu a baki. Kada hawan kilo 1 na kwana guda ya tayar maka da hankali. Gishiri, ruwa, abincin dare mai nauyi, ko al'ada ga mata, duk suna motsa lambar. Abin dubawa shi ne inda ta dosa cikin mako biyu zuwa uku.

A Amurka akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka kuma riƙe shi shekara guda ko fiye. Kashi 75 cikin 100 na waɗannan mutane suna auna kansu aƙalla mako-mako. Ba sikelin ke hana ƙiba ba, amma kilo 2 da aka gani da wuri ya fi sauƙin maidawa a kan kilo 8 da aka gani a hoton biki.

In babu sikeli a gida, zare ya wadatar. Yanke shi daidai tsawonka, ka ninka biyu, ka zagaya cikinka da shi ɗan sama da cibiya. In bakin biyu sun haɗu, faɗin cikinka bai wuce rabin tsawonka ba, kuma wannan ne ma'aunin da hukumar tsara ƙa'idojin lafiya ta Ingila ta ba da shawara a kai a 2022. Mai juna biyu ba ta cikin wannan lissafin.

Mataki na biyu: dawo da abinci da kaɗan-kaɗan

Wanda ya rage ƙiba da matsanancin ƙauracewa, mako na farko bayan ya daina shi ne mafi haɗari. Kada ka buɗe ƙofa gaba ɗaya. Ƙara abu guda, misali rabin malmala da rana ko ayaba ɗaya da safe, ka tsaya a kai mako biyu kana duba sikeli. In bai motsa ba, ka ƙara wani. Ranar da ya fara hawa, ka janye ƙarin ƙarshe. Nan ne ma'auninka. Ka sani kuma wanda ya daɗe bai ci tuwo da shinkafa ba zai ga kilo 1 ko 2 sun dawo cikin 'yan kwanaki da zarar ya fara. Yawancinsa ruwa ne da jiki ke ajiyewa tare da sitaci, ba kitse ba.

Mataki na uku: mai

A nan zan daɗe, don a nan ne galibin gidajenmu ke yin asara ba su sani ba. Ana zargin tuwo, alhali man da ke yawo a saman miya ya fi shi aiki. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci ko na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake, kuwa 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, ko manja, ko man shanu, kalori 100 zuwa 120 ne. Ka tuna kalori 200 zuwa 300 da jikin wanda ya rage kilo 10 ya daina buƙata? Cokali biyu zuwa uku ne kacal.

Uwargida, ki gwada wannan sau ɗaya: zuba man da kika saba zubawa a miya, amma a cikin kofi, sannan ki ƙirga shi da cokali. Ƙaramin gwangwanin madara yana ɗaukar wajen cokali 10, wato kalori 1,200. In mutum shida za su ci, kowa ya kwashi 200 daga mai kaɗai, kafin a yi maganar tuwo. Ki daina tuttulawa daga galan ko kwalba. Ki ajiye cokali kusa da murhu, ki tsayar da cokali ɗaya ga mutum biyu a tukunyar miya. In an saba da miya mai iyo, kada ki yanke rana ɗaya, maigida da yara za su gane su yi ƙorafi. Ki rage cokali ɗaya duk mako, ki ƙara daddawa, albasa, citta, tafarnuwa da busasshen kifi. Miyar kuka, kuɓewa da karkashi dama ba sa neman mai da yawa. Miyar dage-dage da ta taushe su ne ke sha, ita taushe ga gyaɗa ga mai.

Sai suya. A Jos ba mu da abin da ya kai dankalin Turawa sauƙin samu, daga Bokkos, Mangu da Barikin Ladi yake shigowa buhu-buhu, kuma kusan kowane gida ya ɗauka suyarsa ce hanyar cinsa. Giram 100 na dafaffen dankali bai kai kalori 90 ba. Soyayye kuwa yana kai wa 300. Kuma a wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sidni a 1995, inda aka jera abinci kala 38 don a ga wanda ya fi riƙe ciki, dafaffen dankali ne ya zo na ɗaya. Abin da ya fi sauƙin samu a garinmu shi ne ya fi maganin yunwa, mu ke ɓata shi a kasko. A dafa shi da ɓawonsa a ci da miyar ƙwai mai yawan tumatir da albasa, ko a yi fatensa da alayyafo, ko a gasa. Suyar a bar ta sau ɗaya a mako.

Haka wake: alale da dafaffen wake su zama na kullum, ƙosai na marmari. Awara ma in aka dafa ta cikin miya ba sai an soya ba. Masa uku da miya mai ganye sun isa, domin kowace ɗaya da nata man ta fito daga tanda.

Mataki na huɗu: yadda za a cika faranti

Raba farantinka a ido. Rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko dankali ko doya, ragowar kuma wake, kifi, ƙwai, kaza ko nama. Tuwon ya zama kamar dunƙulen hannunka, naman kamar tafinsa. Mai aikin ƙarfi, kamar bakanike ko mai dako, zai buƙaci fiye da haka. Mai zaman ofis ko shago, wannan ya ishe shi. A gidan da aka saba yin manyan malmala, a nemi ƙaramar mara. Ka fara da ganye da nama kafin ka taɓa tuwo, ka kuma ci a natse, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa kai. In ka gama kana jin ƙari, ka jira kwata ɗin awa. In har yanzu da yunwa, ka ƙara miya da ganye.

In a tire ɗaya kuke ci da iyali ko abokai, ba sai ka ware kanka ba, cin abinci tare yana da albarkarsa. Ka dai ja malmalarka gabanka tun farko, in ta ƙare ka tsame hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kuma dankalin Turawa, dankalin Hausa da rogo ba sa cikin lissafin. A aikace wannan shi ne kamar babban karas ɗaya, tumatir ɗaya, lemon zaƙi ɗaya, ludayin dafaffen alayyafo, da yankakken kabeji cikin tafi biyu. Mutumin wani gari zai iya kukan tsada. Mu da ke da Farin Gada, inda motoci ke lodin kabeji, karas, koren wake, latas da koren tattasai zuwa wasu jihohi, ba mu da wannan uzurin sosai. A sayo na mako, a wanke da kyau da ruwa mai tsabta, musamman wanda za a ci ɗanye, a yanka na kwana biyu a ajiye. Ganyen da ba a gyara ba yakan ruɓe a kwando, wanda aka yanka kuwa shi hannu ke kai wa idan yunwa ta taso.

A kula da abin da ake zuba wa ganyen. Salak ɗin da aka cika da Bama ya tashi daga aikinsa, cokali ɗaya nata ya kusa kalori 100. Lemon tsami, ɗan gishiri da ƙaramin cokalin mai sun isa. Kwaɗon zogale ko rama abinci ne mai kyau, sai dai a auna ƙuli, a kuma bar man in ƙulin ya wadata.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai acca ba ta sa ƙiba, don haka a ci iya ci. Acca hatsi ce mai daraja, amma kuzarin da ke cikinta bai yi nisa da na shinkafa ko masara ba. Malmala uku ta tuwon acca malmala uku ce. Abin da ya sa gwate ya dace da mai riƙon nauyi shi ne accar kaɗan ce a cikinsa, ruwa, yakuwa, alayyafo, yalo da kabeji su ne suka cika kwanon. Ka ci ka ƙoshi, jiki bai ɗauki kaya ba. A ganina babu abincin dare da ya fi shi ga mutumin Jos, musamman in an jefa wake a ciki.

Mataki na biyar: abin sha

Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana kai mutum teburin mai shayi safe da dare. Shayin kansa ba shi da laifi. Madara, Milo ko Bournvita, suga cokali uku ko huɗu, rabin burodi da bota, wani lokaci ga Indomie da ƙwai, su ne suke mayar da kofi ɗaya ya zama cikakken abinci, kuma yawanci bayan an riga an ci tuwon dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce wajen giram 50 a rana ga babba, ƙaramin cokali 12 ke nan, in an iya tsayawa a 6 ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafin, don haka musanya suga da zuma ba ta rage komai.

Yawancin lemon kwalba yana da suga wajen giram 10 a kowace mililita 100. Robar 50cl ɗaya ta cinye kason yini. Duba jikin robar, a rubuce yake. Maltina da 'yan'uwanta ma haka. Zoɓo, kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, mai yi ce kaɗai ta san yawan sugan da ta zuba. Matsalar abin sha mai zaƙi ita ce ba ya riƙe ciki: ka sha, ka kuma ci abincinka cif.

Ka ce wa mai shayi, "Malam, cokali ɗaya, madara kaɗan." Ka rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa. Na dare ya zama ruwan bunu da citta, kanumfari da na'a-na'a, zai ɗumama ka ba tare da komai ba. Zoɓo a yi a gida da ɓawon abarba da citta. Fura da nono ko kunun gyaɗa kuwa a ɗauke su a matsayin abinci: in ka sha kofi babba da rana, ya tsaya a madadin abincin rana. A lokacin sanyi ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, sai a wuni ba a sha ruwa ba, don haka ka sha kofi ɗaya kafin kowane abinci.

Mataki na shida: safiya da tsakanin abinci

Kashi 78 cikin 100 na mutanen rajistar nan ta Amurka suna karyawa kullum. Wannan bai zama doka ga kowa ba, amma wanda ya san in ya fita da cikin wofi zai faɗa wa fanke da cincin da hantsi, gara ya karya. A sa abin da ke gina jiki a ciki: ƙwai biyu, alale, wake, ko kindirmo marar suga. Koko da burodi kaɗai ba sa kai mutum azahar. Ɗumame ma ya yi, in malmala ɗaya ce.

Masu zaman kasuwa, daga Taminus zuwa Bukur, su ne suka fi shan wahalar ciye-ciye, don duk mai tallan da ya wuce sai ya tsaya. Ka tafi da abincinka a kula, ka ajiye karas, yalo, gwaiba ko lemo a kusa. Gyaɗa tana da amfani, amma cikin tafi ɗaya ya kai kalori 170, don haka a zuba a hannu a rufe kwalbar. Tsire da balangu a zaɓi tsoka, a ce a cire kitsen, a cika da albasa, tumatir da kabeji.

Mataki na bakwai: mutane

Wannan ya fi mai da suga wuya. A wurinmu rama alamar wahala ce. Matar da ta rage ƙiba za ta ji, "Ke kuwa lafiya? Ko maigidan ne ba ya kula da ke?" Namiji a ce kasuwa ce ta juya masa baya. Har yau akwai masu shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali wasunsu suna jawo hawan jini da ciwon suga. Mai riƙon nauyi yana buƙatar amsa gajeriya wadda ba ta jawo musu. "Lafiya lau, Hajiya, gwiwa ce ta sa na rage, kuma na ji daɗin jikina." In Inna ko suruka ta ƙara maka tuwo, kada ka ƙi karɓa a gaban mutane. Ka ce, "Na gode, Inna, a ajiye min ya zama ɗumamena."

Biki, suna, walima, Kirsimeti da Sallah ba za su daina zuwa ba. Kada ka wuni da yunwa don kana jiran abincin biki, ka ci wani abu mai riƙe ciki kafin ka fita. A wurin, faranti ɗaya, ka zaɓi abin da ka fi so, ka sha ruwa, lemon ka kawo wa yara. Naman layya da aka soya aka adana shi ne ke bin mutum mako uku yana tsinta. A raba da yawa, a yi farfesu da gashi, soyayyen kuma a riƙa fitar da yanka biyu ko uku lokacin abinci. Washegarin biki a koma tsarin da aka saba, ba tare da horon kai da yunwa ba.

Da azumi, mutane da dama suna fitowa da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi, saboda soye-soye da kayan zaƙi na buɗa-baki. Dabino uku da ruwa, a yi sallah, a sha kunu kofi ɗaya da 'ya'yan itace, sannan faranti guda irin wanda aka bayyana. Sahur ya ƙunshi wake, ƙwai ko nono. Hadisin da ya ce kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi, kowa ya san shi, kuma a teburin buɗa-baki ne aka fi buƙatar tuna shi.

Barci da tafiya

Wanda ba ya samun barcin awa 7 yakan wayi gari da yunwa da kwaɗayin zaƙi. Motsa jiki kuma, ko da bai cika rage ƙiba shi kaɗai ba, yana da babban tasiri wajen hana ta dawowa. Abin da ake so shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, kuma mai riƙon nauyi ya nufi na saman. Yanayin Jos da tuddanta sun dace da tafiyar ƙafa. Ka sauka daga Keke kafin ka iso, ka ƙarasa da sauri-sauri.

Idan sikeli ya haura iyaka

In ka wuce kilo 2 ɗin nan har mako biyu a jere, kada ka koma kokwamba zalla, kada kuma ka sayi shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, har ɗanɗanon miya da ragowar abincin yara. Kusan kullum za ka tarar ɗaya cikin uku ne ya dawo: an koma tuttula mai, ko shayin dare ya yi kauri, ko malmala ta girma. Gyara wannan ɗin kaɗai, ka ba shi mako uku.

In ka gyara amma nauyi na ci gaba da hawa, ko ga kumburin ƙafa, kasala da haki, to a je asibiti. Wasu magunguna suna ƙara nauyi, ciki har da insulin, wasu allurorin tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙwaƙwalwa, kuma ba a daina su sai da izinin likita. Mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da mai shayarwa su nemi masanin abinci ya daidaita musu awon, ana samunsu a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Wanda kuma ya ga yana ci gaba da ramewa alhali ya dawo da cin abinci, musamman in da yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari da zufar dare, ya je a gwada shi cikin makon nan.